Na'urar Neman Zinare Ta Sa Na Tone Gonar Aminina a Kuru

Edita, bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawa ɗaya ne tak a labarin nan, kuma ni ne. Lokacin da abin ya faru ni tela ne a Rikkos, na tasam ma saba'in, idona ya fara gardama da kafar allura. Bokona aji huɗu ne, amma akwai digirin da na ba kaina. Mahaifina lebura ne a kamfanin kuza, don haka in ana zancen ƙasa da abin da ke cikinta a majalisarmu, ba mai yin tari sai na gama.

Wani ɗan ƙanina, magidanci mai zuwa haƙar zinare can wata jiha, ya bar mini ajiyar na'urarsa, irin mai faifai a ƙasa da ake shafa wa ƙasa ta yi kuka in ta ji ƙarfe. Da ya ga yadda nake kallonta, ya ja mini kunne cewa ƙasar Jos ba ta wasa ba ce, cike take da marmara da baƙin yashin kuza. Wai sai an daidaita na'urar da ƙasar wurin, ana ɗaga ta ana saukewa har ta yi shiru, a kuma rage mata ƙarfi, sannan a yarda da kukanta. Na ce masa tun ubansa bai yi kaciya ba nake taka ƙasar nan. A ilimina, na'urar da ta yi shiru rediyo ce da batir ya mutu. Yana juya baya na murɗe kowane maɓalli har ƙarshe.

Ina da amini a Kuru, manomi ne Kirista, mun fi shekara arba'in tare. Ni ke ɗinka masa kayan Kirsimeti, shi kuma kowace Sallah buhun dankalin Turawa na iso ni har ƙofa. Gonarsa na bakin wani tsohon kududdufin kuza. Matacciyar ƙasa ya gada, ja wur, ya yi shekara ashirin yana zuba mata jujin gari da kashin shanu har ta yi baƙar fata mai kaurin taƙi ɗaya. Wannan 'yar baƙar ƙasar ita ce abincin gidansa. Na same shi ranar Lahadi zai tafi coci, na nuna masa na'urar, ya yi dariya, ya ce in zaga gefe-gefe in ji daɗina, amma kada in sa diga sai ya dawo.

Jama'a, ina kunna abin nan ta kama ihu kamar akuyar da mota ta taka. Gabas ihu, yamma ihu, tsakiyar kunyoyin dankali kuwa har tana shiɗewa. Na ce ai rami ɗaya ba zai kashe kowa ba. Na samu marfin kwalba. Na biyu gwangwanin kifi, na uku ƙusa mai tsatsa, duk tsarabar juji. Na huɗu ba komai, amma shegiyar ba ta daina ba! In ɗauke wani jan dutse ta yi kuka a kan dutsen, in mayar da ita ramin ta yi kuka a ramin. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na yanke cewa zinaren yana can ƙasa, na ɗauko waya na buga wa wani ɗan majalisarmu ina shela da ƙarfi cewa Allah ya yanke mana wahala.

Ashe masu haƙar kuza na hannu da ke wanki a bakin kududdufin suna ji. Kafin azahar sun cika gonar da diga da shebur, kowa na cewa oga kawo inji nan, oga gwada nan. Maimakon in kore su, sai na ji daɗin oga ɗin. Duk inda na ɗora faifan ta yi kuka, duk inda ta yi kuka su tona, suna juye jar ƙasa a kan baƙar. Ko ƙwayar gero ta zinare ba mu gani ba. Da suka gaji suka zage ni suka watse.

Aminina ya dawo sanye da kwat ɗin da na ɗinka masa. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya tsuguna ya ɗauki wani ɗanyen dankali da diga ta raba biyu, ya share shi, ya sa a aljihu, ya wuce gida. Sallar shekarar ta zo, buhu bai zo ba. Kirsimeti ta zo, na ji a wani shago ya yi ɗinki.

Sai da na yi makonni ina hawa motar Kuru da wannan bayan nawa, ina cike ramuka ina kwashe jar ƙasa da kwano, kafin ran nan ya miƙo mini ruwan sha ya ce in zauna kada in mutu masa a gona. Mun shirya, amma rabin gonar har yau ba ta dawo ba.

Don haka masu sayen na'urorin nan, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Yawan kukanta ba yawan arziki ba ne. A ƙasa mai ƙarfe irin tamu ƙasar ce kanta ke sa ta ihu. Ku tsaya a koya muku ko da mai koyarwar ɗan cikinku ne, kuma kada ku yi gwaji a abincin wani.

Ni kaina ban gama koyo ba. Ranar da muka shirya ɗin, na fara wanke kaina a gaban matarsa cewa laifin ƙasar ne, ƙasa ce mai wuyar sha'ani. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsince wake ba, ta ce: "Baba Tela, Turawa sun tone ƙasar nan da inji mai girman coci. In da akwai zinare, kai za su bar wa?"