Kwamin da aka wanke mini

A gidan burodina na Gwandu komai da tsarinsa. Da hantsi a kwaɓa fulawa da yis a cikin kwamin katako, a rufe, kwaɓi ya tashi, a gasa, kafin la'asar ɗan acaɓa ya kai wa masu shayin Kalgo. Kwamin nan ban taɓa sa masa sabulu ba. Kankarewa nake yi, in ɗauraye da ruwan zafi, in kife a rana.

Maƙwabcina ya zo aurar da ɗansa, ya ari kwamin don kwaɓa fanke. Na ba shi. A garinmu kunya ce a mayar da kayan aro da datti, don haka matan gidansa suka jiƙa shi da garin sabulun wanki har katakon ya sha, suka dawo da shi yana ƙamshi.

Ranar kasuwar Kalgo ce. Na ɗauraye, na kwaɓa, na rufe. Azahar ta yi kwaɓi na kwance kamar laka. Na ƙara yis, ya ɗan motsa ya tsaya. Haka na gasa, burodin ya fito da nauyi, da ɗanɗanon sabulu a ƙarshen harshe.

Babban mai shayin tasha, wanda sauran ke bi, ya kira ni. Ya ce, "Malam, burodi ka aiko mana ko bulo? Wani ya ci ya ce saura ya yi kumfa!" Na ce a yi mini haƙurin kwana guda. Ya ce sun riga sun karɓi na Birnin Kabi.

Ɗiyata da ke karatun kimiyya ta yi mini bayani daga baya. Ta ce, "Baba, yis abu ne mai rai. Da farko yana da wasu sinadarai da ke haɗa masa wani irin mai. Da man nan yake ƙarfafa fatarsa. Sabulu kuwa aikinsa narkar da mai, in ya yi yawa sai ya kwance fatar, ya hana sinadaran aiki." Na gane sarai. Ganewar ba ta dawo mini da Kalgo ba.

Kwamin bai sake yin daidai ba, na faskara shi na sa a tanderu. Maƙwabcin kuwa har yau in mun haɗu a masallaci yakan ce, "Ai ka ga yadda iyalina suka gyara maka kwami." Nakan ce, "Na gani."