Gabar da Habsatu ta yi da ƙanenta

Habsatu mai tabarma, ta tsohon garin Agadas, ba ta taɓa zama a aji ba, amma da saƙarta aka sai wa ƙanenta Alkasum takalmin zuwa lakwal, wato makarantar boko. Uwarsu ta rasu yana shan nono, ita ta goye shi har ya yi ƙafa. Ya yi karatu a Damagaram, ya wuce Yamai, ya zama alƙali. Ita kuwa tana nan a zaurenta, tana tsaga kaba da farce.

Fari ya cinye dabbobi, makiyaya suka kwararo bakin gari ba ko akuya, sojoji suka karɓi mulki. Hatsin agaji yakan taso daga kudu a kamiyo, manyan motocin kaya, ya ɓace a hanya, ya bayyana a kasuwa. Sai aka ji a rediyo an kafa hukumar binciken masu cin dukiyar ƙasa, an ɗora Alkasum a kanta.

Nan da nan zauren Habsatu ya cika da mutanen da ba su taɓa taya tabarmarta ba. Alhaji Lawali, mai kamiyoyin da ke ɗauko hatsin, da kansa ya zo, da buhun shinkafa da akuya mai nono. Ya ce ba wani abu ba ne, kalma ɗaya za ta faɗa wa yaron nan, ai ƙane ba ya mayar da maganar wadda ta goye shi. Ta sa aka mayar masa da kayansa. Amma ranar, kunu tsararo jikokinta suka sha, ta kuma kama kanta tana tunanin nonon akuyar. Ta san gaskiya Alhaji ya faɗa: in ta roƙa, Alkasum zai sunkuyar da kai ya yi. Ta kuma san yunwa ta fi ta haƙuri.

Da Alkasum ya zo da jandarmomi duba magazan, ɗakunan ajiyar hatsi, ya biyo gida bayan la'asar. Zaure cike da masu jira. Ya cire takalmi ya durƙusa. Habsatu ba ta ɗaga kai daga saƙa ba.

"Yaya, ina wuni?"

"Wace ce yayarka? Tun da ka samu mota ka san hanyar gidan nan? Tashi ka fita. Daga yau ba ni ba kai."

Ya ɗan jira, yana zaton wasa ne. Da ya ga ba ta da niyyar dariya, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Masu jira suka bi bayansa ɗaya ɗaya, kowa da abin da ya zo da shi. Ba wanda ya ƙara kawo mata ko goro.

Gari ya ɗauka. Mata a wurin biki suka ce hassada ce, ta ga ɗan da ta goya ya fi ta. Maƙwabciyarta Mairo ta ce ta ji tsoron Allah, zumunci ba abin wasa ba ne. Habsatu ta ce kowa ya ji da nasa ƙanen. Alkasum ya yi ta aiko gaisuwa ta bakin matafiya, tana korarsu daga ƙofa. Sai dai in rediyon Mairo ya fara karanto sunayen waɗanda hukumar ta kama, hannun Habsatu yakan tsaya a kan kaba har a gama.

Shekaru suka wuce. Binciken Alkasum ya bi sawun hatsi har ya shiga bariki. Aka sauke shi, aka tsare shi, daga baya aka sake shi ba aiki. Ranar da motar Damagaram za ta kawo shi, magana ta zaga gari cewa duk wanda ya tarye shi sojoji za su san da shi. Abokan ƙuruciyarsa duka suka sami uzuri.

Habsatu ta ɗaura shuɗin zanenta na bula, ta fito da rana tsaka. Ta same shi a tasha, ya rame, yana zaune shi kaɗai a kan akwatinsa. Ta ce ya tashi, ta ɗora akwatin a ka.

"Yaya, ai kin ce ba ke ba ni."

"Lokacin kana da abin da za a roƙa. Yanzu me gare ka? Wuce gaba, ta cikin kasuwa za mu bi."

Ta layin masu hatsi ta bi da shi. Kowace rumfa sai ta tsaya, ta kira mai ita da sunansa, ta ce ga Alkasum ya dawo. Ba ta gusawa sai an miƙo masa hannu.