Rigar da Na Ɗinka wa Kwalba

Kafin in lalace, ni mutum ne mai hannu. Tun a Kano nake zana allunan shaguna, kuma wannan hannun ne ya kai ni Riyad, na samu aiki a wani ƙaramin shagon ɗab'i a bayan unguwar Ulaya. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, kafilina da ya tsaya mini mai sauƙin hali ne, sallah ba ta wuce ni. Matasa, ku ji da kyau, ba yunwa ce ta kai ni kurkuku ba, son a yaba mini ne.

Da zuma na fara. Tanko, wani direba da muke gida ɗaya a unguwar Al-Naseem, ya kawo mini zuma mai arha ya ce in yi mata riga. Na zana dutse da bishiyar magarya, na sa rubutun ruwan zinare, muka manna a jikin kwalba. Zumar da ba mai kallonta sai ga ta ana rububinta. Tanko ya ce, "Wallahi kai maye ne. Mutum da ido yake saye, harshe daga baya yake zuwa." Kaina ya kumbura kamar an busa balan-balan.

Bayan wata biyu ya zo da kwalaben giyar inabi, babu komai a ciki. Daga shara yake tsinto su a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda yake kai maigidansa. Wani yana haɗa barasa a ɓoye, shi kuma yana ɗurawa, amma masu saye suna tsoron abin da ba shi da suna, shi ya sa yake so in yi wa kwalaben riga. Na ce masa, "Ka manta ƙasar da muke ciki?" Ya ce, "Kai ba ka dafa ba, ba ka sha ba, ba ka sayar ba. Takarda ce kawai."

Na yarda, kuma na yi aikin da zuciya ɗaya, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na zaɓi takarda mai kauri, na zana tsohon gidan dutse a tsakiyar gona, na ƙago sunan gonar da babu ita a duniya, na sa tsohuwar shekara a ƙasa. A baya na cika da ƙananan rubutun da na san ba mai karantawa, amma ganinsa yana kwantar da hankali. Daga ranar tsoro ya kama ni. In motar 'yan sanda ta rage gudu a gaban shago, sai in ajiye almakashi in leƙa waje.

Akwai Isyaku, mutumin Damagaram, mai gadi ne, yakan zo mu ci shinkafa bayan sallar Juma'a. Yana da raunin sha, yana ɓoyewa. Wata Juma'a Tanko ya nuna masa kwalba ɗaya. Isyaku ya juya ta, ya shafa zinaren da yatsa, ya ce, "Ni ba na taɓa barasar jarka, ina son raina. Amma wannan daga gani ta kamfani ce." Sai ya miƙo mini. "Ɗan'uwa, kai ka san takarda. Ta asali ce?"

Tanko ya zuba mini ido. Na ce, "Ta asali ce." Kuma Allah ya sani, a ƙasan tsorona har da ɗan jin daɗi, wai aikina ya ci.

Kwana biyu bayan nan aka ce Isyaku ya sha barasar, ya faɗi a bakin ƙofar da yake gadi, an kai shi asibiti bai san inda kansa yake ba. Tanko ya ɓace. Ni na kasa gudu, na kasa ci. Da 'yan sanda suka zo shago ba su sha wahala ba, duk zanen yana cikin kwamfuta, don na kasa goge abin da nake alfahari da shi. Mai tuhumata ya ajiye kwalbar a gabana ya ce, "Ka yi addu'a kada ya mutu."

Addu'ar da na yi ta yi ke nan a kurkuku. Duk Bahaushen da aka shigo da shi sai na tambaye shi labarin Isyaku, ba wanda ya sani. In an kira sunana, sai in ce yau za a gaya mini na yi kisa.

Da wa'adina ya cika aka kai ni tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. A can na gan shi zaune jikin bango, da ransa. Na yi hamdala har da hawaye. Na yi masa sallama, ya ɗago, amma idonsa ya wuce ta gefena. Ya gane muryata, ya yi murna, ya lalubo wata 'yar kwalbar magani daga aljihu. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo wanda na yarda da shi. Karanta mini, sau nawa aka ce in ɗiga?"

Na durƙusa na gaya masa komai. Ya mayar da kwalbar maganin aljihu. Can ya ce, "Ni na sha, wannan tsakanina da Allah ne. Amma ai na tambaye ka."

Yau ina gida, na tuba, na koma zanen alluna. Ɗan'uwana matashi, duk wanda ya ce maka takarda ce kawai, sa hannu ne kawai, tashi ka bar wurin. Kada ka ara wa ƙarya gwanintarka, don wanda zai gaskata ta mai yiwuwa da shi kake cin abinci. Ni an sake ni na dawo ina kallon fuskar mahaifiyata. Isyaku ya koma Damagaram, ana riƙe masa sanda.