Tauraro a Gaban Sunan Baffa

Jiya Baffana ya cika shekara da rasuwa, sai na kwance tsohuwar kwamfutarsa na ƙara mata memori. Yana raye na taɓa gwadawa, ya riƙe hannuna ya ce, "Bar ta, ɗana, abin da take tunawa ya ishe ta."

A cikinta yake jera ranakun ban ruwa na manoman unguwarmu a Kura. Wanda ya mutu, sai ya sa tauraro a gaban sunansa.

Ina kunnawa, fankarta ta huro ƙamshin almiskinsa. Jerin ya fito, sunan Baffa da tauraro. Tun da ya kwanta ciwo ba wanda ya taɓa ta. Sunana ne ke bin nasa.

Na zare waya. Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ya sa mu cika da imani.