Akwatin da Ya Fara Kwana a Ɗakin Inna

A rumfar gyaran waya da ke ƙarƙashin benen kasuwa, kowa Shugaba yake ce masa, har mai kawo cajar da ta tsinke. Yanzu tsokana ce, amma da can gaskiya ce. Ya taɓa kafa kamfani, da ma'aikata, da ofis mai gilashi, da kujerar nan mai juyawa.

Dabararsa mai kyau ce, wannan ba na musu. Yakan tattaro tsofaffin batiran kwamfuta, ya zaɓi masu sauran rai, ya harhaɗa su a akwati, ya ba da haya ga gidajen da wuta ba ta zama. Doka ta ce sai hukuma ta gwada kowane samfuri kafin ya shiga gidan mutane. Shi kuwa ya ga layin gwajin ko motsi ba ya yi.

"Dokar nan ta girmi batirin," yakan ce wa ma'aikatansa. "In muka tsaya jiranta, yara a duhu za su gama makaranta."

Don hankalinsa ya kwanta, sai ya kafa tasa dokar: duk sabon samfuri, a ɗakin mahaifiyarsa zai fara kwana. Abin da bai yarda ya ajiye kusa da Inna ba, ba zai ba kowa ba. Masu zuba jari sun sha tafa wa wannan magana, kamar tsohuwa ce na'urar gwaji. Ita kuwa Inna tela ce, murna kawai take, ga fitila, ga keken ɗinki na gudu.

Wata rana da hantsi akwatin ya fara hayaƙi a ƙarƙashin teburinta. Ɗakin cike da yadin mutane, jikarta jaririya na barci a gado. Ba ta tsaya kiran kowa ba, ta sungume shi hannu biyu ta yi waje da shi. Yatsun nan ba su ƙara riƙe allura ba.

A asibiti ya durƙusa bakin gadonta, kuka ya ci ƙarfinsa.

"Inna, ki yafe mini."

"Ni ai dole, ni na haife ka," in ji ta. "Matan da ka kai wa irinsa ɗaki, su ba su haife ka ba. Tashi ka je ka kwaso."

Ya bi gida-gida yana kwasowa, masu zuba jari na kira yana kashe waya, har kamfanin ya mutu a hannunsa. Duka ya samu, ban da guda ɗaya: masu shi sun tashi daga gidan haya, lambarsu ba ta shiga. Shi ya sa har gobe in ka kai masa gyara sai ya kwatanta maka mutanen, ko ka taɓa ganinsu. Wasu dariya suke, ni dai tausayi yake ba ni.

Kullum da safe, kafin ya buɗe rumfa, yakan biya ya ɗaura wa Inna ɗankwali, tunda hannun ba ya iyawa.

"An samu?" takan tambaya.

"Tukuna, Inna."