Likita Garba da Takardun Karaye

Duk wanda ya san Likita Garba ya san ba fuskar mutum yake fara kallo ba, takalminsa yake kallo. Ka shigo wurinsa a asibitin Jega kana nishi, sai ya ce ka cire takalmi ka miƙo. Ya juya shi, ya shafa ƙasansa da yatsa. In ya ga ya cinye, sai ya saki fuska. In ya ga sabo ful, sai ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa, ya ce, "Wanga takalmi bai san gari ba."

Ni ne Mamman, direbansa tun lokacin da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato aka ba shi motar aiki. Direba dai a suna. Duk garin da za mu, in ya rage mil biyu sai ya ce in tsaya. Ya sauka ya buɗe laima, ni in ja mota a hankali da ma'aunin jini da takardu a baya, shi yana biye a ƙasa. 'Yan tashar Aliero ba su taɓa barina na wuce lafiya ba. "Mamman, kayanka sun faɗo a hanya, ga su can suna biyo ka."

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na gane abin da yake nema. Bincike yake yi, yana rubutawa ana bugawa a mujallun likitoci, kan cewa tafiya da aikin ƙarfi suna tare hawan jini da ciwon suga. Yana so kowane ƙaramin asibitin ƙauye ya riƙa tambayar mutum yadda yake motsa jiki, ba a tsaya ga allura kawai ba. A cikin wannan aiki na yi masa laifin da ya rufa min asiri a kansa har ya koma ga Allah. Shi ya sa na ɗauki alƙalami yau. Amma bari in fara da abin da kuka sani.

Kun tuna Alhaji Labbo mahauci, wanda ko masallacin ƙofar gidansa da mashin yake zuwa. Jininsa ya hau, Likita ya rubuta masa ƙwayoyi, amma ya kai su can ƙaramin asibitin ƙarshen gari ya ajiye, ya ce kullum a ba shi ɗaya, hannu da hannu, kuma sai in ya zo da ƙafa.

"Likita, magani na zo nema ko horo?"

"Magani, Alhaji. Rabi yana cikin kwalba, rabi yana kan hanya."

Alhaji ya gwada dabara. Ya riƙa ɓoye mashin bayan wata katanga, ya ƙarasa yana haki na ƙarya. Bayan sati biyu Likita ya juya takalminsa ya ce, "Alhaji, gobe ka shigo min da mashin ɗin in auna shi. Shi ne ke samun sauƙi." Daga ranar Alhaji ya fara takawa, kuma ya rayu har ya ga jikokin da, ba don haka ba, da bai gani ba.

Wata rana wani babban ma'aikaci ya zo daga Birnin Kebbi, ya ce a cire matan aure daga binciken, tunda suna cikin gida ba sa motsa jiki. Likita bai yi musu ba. Ya sa aka kawo turmi da taɓarya da gero a tsakar asibiti, ya ce, "Ranka ya daɗe, taimaka mana da surfe kaɗan, mu ga irin zaman da suke yi." Mutumin ya naɗe babbar riga ya kama. Kafin gero ya san an taɓa shi, mu biyu muka riƙe shi muka kai shi inuwa. Ba a sake ta da maganar ba.

To, ga nawa. Aiki ya yi masa yawa, sai ya koya min cika takardun tambaya: sunan mutum, shekarunsa, nisan gonarsa, sau nawa yake zuwa. Ya tura ni Karaye ta ƙasar Maiyama in bi gida gida. Na isa rana ta take. Na dubi gari, na dubi inuwar wata tsamiya, na zaɓi tsamiya. Na kwafi sunaye daga littafin ƙaramin asibitin garin, na zauna da tsirena, na cika takardun daga kaina. Da hannu ya saba, har na fara ƙawatawa. Wani tsoho, Baba Nomau, na rubuta masa gona mai nisa, zuwa biyu kullum, ya dawo da dami a ka.

Likita ya haɗa nawa da na sauran garuruwa, aikin shekara biyu, ya aika wa masu bugawa, suka karɓa. Da wannan takarda yake sa ran ƙarin girma, da ita kuma yake so ya je gaban manya a Birnin Kebbi. Sai wata safiya ya ce, "Malam Mamman, ta da mota. Wanga tsoho na Karaye ya tsaya min a rai. Mu je mu gaishe shi, in ga ƙafafun nan da idona."

Ban taɓa son mota ta lalace ba sai ranar, ita kuwa ba ta taɓa lafiya irin ta ranar ba.

Muka tarar da Baba Nomau kwance a zaure, cinyarsa ɗaure da karare. Jaki ya kayar da shi, masu ɗorin Aliero suka ɗora shi. Likita ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi labarin gona.

"Wace gona, ɗana? Tun kaka ban taka ƙasa ba. Ko bayan gida ɗaukata akai."

"Ba wanda ya zo ya yi maka tambayoyi, Baba?"

"Kai ne na farko. Mi ya faru?"

Likita bai ko waiwaye ni ba. Ya duba ɗorin, ya auna jinin tsohon, ya koya wa iyalinsa yadda za su riƙa motsa masa ɗaya ƙafar kada ta sandare. Da muka fito, shi da ya saba takawa, ya shiga mota kai tsaye ya zauna a gaba, abin da ya fi duka ba ni tsoro. Na faɗa masa komai kafin mu hau kwalta.

Muna isa Jega ya rubuta wasiƙa cewa a dakatar da buga takardar, ya miƙo min in kai gidan waya. Na ce, "Likita, don Allah. Ƙauye ɗaya ne cikin ƙauyuka da yawa. Wa zai sani?"

Ya ce, "Baba Nomau ya sani. Kai ka sani. Yanzu ni ma na sani. Mun yi yawa."

Shekarar nan ƙarin girma ya wuce shi. Abokan aikinsa suka yi ta tambaya, ina tsaye ina ji, amsarsa ɗaya: "Kuskurena ne, ban duba da kyau ba." Na jira takardar kora, ina tunanin abin da zan gaya wa matata da 'ya'yana. Ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne sababbin takardun tambaya, babu rubutu ko ɗaya a kansu. Ya ce, "Karaye na jiranka. Wanga karo ka shiga zaure, ka zauna, ka bari mutum ya gama magana."

Na shiga kowane zaure. Ashe mutanen sun fi abin da na ƙaga musu ban mamaki. Takardar ta fito a shekara ta gaba, kuma bai sake ambata min tsamiya ba, ko da wasa, shi da ba ya barin kowa ya huta da tsokana.

Ya Allah, bawanka Garba ya ɗauki kunyata ya ɗora wa kansa, alhali bai ci tsiren ba. Ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Kai, Ka yalwata masa kabarinsa, ni kuma Ka yafe min. Amin.