Nuala da Kofaton Jakin Malachy

An ce wai kotu ta ɗaure Nuala Gilhooly wata shida saboda ta yi wa jaki yankan farce, wai har jakin ya je ba da shaida sanye da kwat yana sharɓar hawaye. A mashayar garinmu Kilbrack aka fara faɗa, kafin Lahadi labarin ya isa ƙofar coci jakin ya zama uku. To, ƙarya ce. Na san ƙarya ce, don ni na ƙago rabinta. Nuala taubashiyata ce, 'yar Kawu Cathal, ko kwana ɗaya ba ta yi a gidan yari ba, da an kai ta ma gandirobobi ne za su nemi beli. Amma yankan farcen kam an yi shi.

Kawu Cathal ya shekara arba'in yana gyaran kofaton dawaki da jakunan yankinmu. Bai haifi namiji ba, sai ya damƙa wa Nuala wuƙa da magagari tun ba ta fi bokiti tsawo ba. Yau shekarunta hamsin da takwas, har yanzu in ta gamu da mutum ƙafarsa take fara kallo kafin fuska. Saurayi biyu ta kora a kan tafiyarsu ba ta yi mata ba. Tana da fili da rumfuna a bayan gari, shi ya sa gunduma ta sa ta cikin masu ajiyar dabbobin da aka ƙwace daga hannun masu su in ana zargin wulaƙanci. Ranar da ta sa hannu aka ba ta takarda mai shafi goma sha ɗaya. Ta karanta na farko, ta naɗe sauran ta tokare ƙafar teburinta mai rawa.

A shafi na bakwai maganar take. Dabbar da aka ƙwace shaida ce har sai an yi shari'a. A ba ta ci da sha da wurin kwana, amma kada wuƙa ko almakashi ya taɓa ta sai likitan gunduma ya auna, ya ɗauki hoto, ya sa hannu.

Wata Juma'a ana tsuga ruwa Malama Concannon, jami'ar kula da dabbobi, ta kawo mata jakin tsoho Malachy Dwyer. Kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe sama kamar ƙahon rago, a kan dugadugai yake takawa. Hotunan da jami'ar ta ɗauka a rumfar Malachy kuwa ba a ganin komai a ciki sai duhu da kunne biyu.

"Litinin zan zo da likita," in ji ta. "Ciyawa kawai za ki ba shi, Nuala. Kin ji ko? Ciyawa."

"Na ji mana, ai ni ba kurma ba ce."

Asabar da safe jakin ya faɗi sau biyu tsakanin rumfa da kwamin ruwa. Nuala ta tsaya da kofin shayi tana kallo har shayin ya huce. Da ya faɗi na uku ta ajiye kofin a kan katanga, ta ɗauko jakar Kawu. Kafin rana ta take ta yanke, ta goge, ta daidaita, tunda ta fara kuma ta wanke shi ta aske dunƙulen gashin da ke cikinsa. Guntayen kofaton kuwa ta yi musu abin da kowane gidan mai wannan sana'a ke yi tun kaka da kakanni: ta jefa wa karenta Rua.

Litinin likita ya sauko daga mota da ma'auni da kyamara, ya tarar da jaki yana zagaya fili, ya fi limamin cocinmu Fada Brendan tsaf ranar Ista.

"Ina wanda aka ce?" in ji likitan.

"Ga shi a gabanka."

Malama Concannon ta dafe kai. "Nuala, kin kashe ni. Wata takwas ina bin Malachy kafin in samu izinin shiga gidansa. Me zan nuna wa alƙali? Ina kofatan da kika yanke?"

Nuala ta waiga. Rua na kwance a bakin ƙofa yana lashe baki.

Nan ne Nuala ta gane abin da ta yi: in babu shaida, jakin zai koma rumfar da ya fito. Amma ta san Rua ba ya cinye abu duka, sai ya binne na gobe. Ta ɗauki shebur. Kwana uku tana haƙa, ta tone kabejinta, ta tone dankalin da bai nuna ba, ta tsallaka ta tone rabin furannin maƙwabciya. Na je taya ta da baki daga kan katanga, ta jefe ni da dankali. A rana ta huɗu ta samo ɗaya a gindin itacen tuffa, lanƙwasasshe, tsawon hannun yaro, da sawun haƙori.

A gwangwanin biskit ta kai shi kotu. Malachy ya zo da kwat ɗin jana'iza da lauya.

"Ya mai shari'a," in ji lauyan, "wannan abu babu hatimi, babu sa hannun likita. Wa ya san na wane jaki ne? Wataƙila ma na saniya ne."

Nuala ta miƙe. "Saniya? Kai yaro, ka taɓa ganin saniya da idonka?"

Alƙali ya zaunar da ita. Ya leƙa gwangwanin, ya toshe hanci, ya ce shi a ransa ya yarda da ita, amma kotu ba da ransa take aiki ba. Ya karanta mata shafi na bakwai daga farko har ƙarshe. Ya mayar wa Malachy jakinsa, da sharaɗin duk bayan mako takwas gwani ya gyara masa kofato. Gunduma kuma ta cire sunan Nuala daga masu ajiya na shekara guda.

Gwanin kofato kuwa a yankinmu mutum ɗaya ne. Don haka duk bayan mako takwas Nuala ke ɗaukar jakar Kawu ta tafi gidan Malachy, ta durƙusa cikin taɓo ta gyara jakin, shi kuma yana tsaye a kanta da lofe yana cewa, "A hankali dai, Malama, dukiyar mutane ce." Ita kuma sai ta ci gaba da gurzar kofato. In ta dawo gida, ƙofarta ce ke shan bugu. Takardar ta ciro ta daga ƙarƙashin tebur ta haddace shafi na bakwai, teburin ya koma rawarsa.

Jiya na tare ta a hanya tana dawowa, taɓo har gwiwa.

"Sannu da aiki, 'yar Kawu, uwar ɗakin Malachy! An ce Rua ma gunduma za ta ɗauke shi ma'ajin shaidu."

Ta ajiye jakar, ta dube ni daga ƙafa zuwa sama kamar yadda ta saba.

"Ɗan Gwaggo, jakin nan shekara uku aka bar kofatonsa ya tsiro har aka kira hukuma. Kai shekara sittin aka bar harshenka. Matso nan, wuƙar tana jaka, kuma kai babu shafin da ya hana a taɓa ka."